Gari Na Tafe

Tun ranar da na bar aikin koyarwa labari ya bazu a Magarya cewa an biya Mushe kuɗinsa. Ba wanda ya faɗi ko nawa ne, kuma abin da ya cuce ni ke nan, don kuɗin da ba a san adadinsu ba sun fi kowane kuɗi auki a bakin mutane. Daga nan tabarmar ƙofar gidana ta zama banki. Ba da masu neman na cefane ko na magani nake ba, waɗannan ina jin nauyinsu. Da masu neman rancen sayen fili nake, filin da ba za su noma ba, ba za su gina ba, za su dai kafa masa duwatsu huɗu su koma gindin bishiya jiran gari ya iso.

Da kakanninmu za su ji wannan, da sun yi dariya har da riƙe ciki. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, daji ne shimfiɗe daga Wacha har Dungas, hannun da zai sare shi ne ya yi ƙaranci. Mutum ya je ya gai da mai gari, a nuna masa daji, inda gatarinsa ya gaji nan ce iyakarsa. Wanda ya ci bashin wuri a lokacin, fatauci zai yi da shi, ya bi ayari zuwa Kano. Yau gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki ashirin ke mata kallon nama.

Wanda ya fi zuwa mini shi ne mai labarin sirri. Ba ya fara magana sai ya waiga hagu da dama, ya matso har ka ji ƙamshin goron da ya ci. "Mushe, kada ka faɗa wa kowa, kwalta za ta biyo ta bayan gonar nan." Wa ya gaya masa? Wani babba. Wane babba? Ba a faɗa. Da aka fara zancen layin dogo daga Kano zuwa Maradi, har taswira ya zana mini a ƙasa da tsinke. Na ce masa, Malam, jirgin nan ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ina ruwansa da mu? Ya yi murmushi irin na wanda ya tausaya wa mai ilimin takarda, ya ƙara ja wani ɗan layi da tsinken, ya ce, "Ai za a yi reshe." Reshen ya bi daidai ta tsakiyar filin da yake so na saya masa.

Ran nan na ce bari na tsorata shi da tarihi. Na ba shi labarin Amurka, inda wajen 1835 gwamnati ke sayar da dajin yamma eka ɗaya a kan dalar Amurka ɗaya da kwata, mutane suna cin bashin bankuna suna sayen garuruwan da babu su sai a takarda. A 1836 shugabansu Andrew Jackson ya ce daga yanzu ba a sayen filin gwamnati sai da zinariya ko azurfa, a 1837 kasuwar ta rushe, bankuna suka rufe ƙofa, masu filaye suka wayi gari da bashi da ciyawa. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce, "To waɗanda suka saya da wuri suka sayar kafin nan fa, Mushe? Ai sun ci." Daga ranar na daina koyar da manya.

Akwai kuma mai zumunci. Shi ba ya ambatar kuɗi a zuwan farko. Zai gaishe ka da gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, ya tambayi akuyar da ka sayar bara. A zuwa na biyu zai gano cewa kakarsa da kakarka sun sha nono ɗaya. A na uku ka zama Kawu, ko da ya girme ka da shekara biyar. Ranar da ka ce babu, kakannin nan biyu sai su rabu.

Mai jingina ya fi su haɗari, don shi da hujja yake zuwa. Al'adar jingina kowa ya san ta a karkararmu: ka ba ni kuɗi, ka riƙe gonata kana nomawa har ranar da na biya. To shi wannan zai kai ka a kan babur, ya tsaya da kai ƙarƙashin wani ƙaton gawo, ya miƙa hannu ya ce daga nan har can. Ƙasa mai kyau, gawo ya zuba mata taki, sai ka ji zuciyarka ta fara auna tiyoyin gero. Abin da bai gaya maka ba shi ne gonar ta gado ce, ba a raba ba, magada goma sha ɗaya, biyu suna Legas, ɗaya ba ya magana da sauran tun rasuwar mahaifinsu. Wani abokina ya taɓa zuwa shuka a irin wannan gona da ruwan farko, ya tarar da wasu mutum biyu kowa da sungumi a kafaɗa, kowa an jinginar masa. Suka gaisa da mutunci, suka zauna gindin gawon suna lissafin wanda aka fi cuta.

Mai takarda kuwa da jakar leda yake yawo. Tun da aka kafa dokar filayen karkara a 1993, aka soma samun kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, kowa ya gane takarda tana da daraja. Shi ya gane fiye da kima. Zai zazzage maka ledar: hatimi ja, hatimi shuɗi, sa hannu kamar tafiyar kaza. Ka sa tabarau ka duba, sai ka ga ɗaya rasiɗin haraji ce, ɗaya katin rigakafin yaro.

Mutumin Dungas da ya zo mini bara, lissafinsa ɗaya ne: tun 2011 da aka ware Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai kanta, ma'aikata za su zo, kowane ma'aikaci na son gida. Gaskiya ne. Sai dai filin nasa tafiyar rabin yini ce a amalanke daga inda ma'aikatan suke.

Ɗan canji da naira yake mafarki. Ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari, ya dawo da labarin naira ta faɗi, don haka yanzu ne lokacin saye. Mako mai zuwa ta ɗaga, don haka yanzu ne lokacin saye. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, duk sau biyun ya ce mini alama ce mai kyau. Ban taɓa jin abin da ya faru a duniya wanda bai zama dalilin in ba shi jika ɗari biyar ba.

Ɗan ci-rani ta WhatsApp yake zuwa, muryar minti tara daga Libiya ko Aljeriya, rabinta gaisuwa. A ba ƙanensa kuɗi a kama masa fili kafin ya turo. An aika masa hoton wurin da rani, fes, shimfiɗe kamar faranti. Bai tambayi abin da ya sa babu ko bukka a wurin ba. Da damina yara ke kama tarwaɗa a falonsa.

A bayan dukansu akwai dillali, wanda bai taɓa neman rance ba, bai kuma taɓa sayen fili ba. La'adarsa yake karɓa daga mai saye da mai sayarwa, ya yi addu'ar Allah ya sa albarka, ya shafa. Ita ma maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli ba ta taɓa zama a tabarmata ba. Adashi take zubawa duk mako, in ta kwasa ta sayi tunkiya, tunkiya ta zama saniya, saniya ta zama fili a bakin gari, inda garin ya riga ya iso. Sai da ta zagaye shi da katanga muka ji labari.

Za ku ce to Mushe, kai da ka san su haka, ai ba mai cin kuɗinka. Mai reshen jirgi ya ci. Wata ranar Juma'a ce, ya zana taswirar da kyau ƙwarai, har da tasha, kuma tashar ta faɗo kusa da inda ya ce za a ba ni rabona. Jika ɗari uku na ƙirga masa, uwargida tana leƙe ta bayan labule. Shekara uku ke nan. Duk wanda ya gan shi a kasuwar Magarya ko ta Bande, don Allah ya ce masa Kawunsa na gaishe shi, kuma har yanzu ƙofar gidan tana inda ya san ta.