Mu da Kunun Sadaka

Mu Sakkwatawa ba a fi mu tausayi ba, wannan ko maƙiyi ya shaida. Mace ta yi sallama a ƙofar gida da goyo a baya, ta ce daga Sabon Birni take ko Isa, kafin ta rufe baki an miƙo mata ƙanzo, ko sauran kunun safe, ko naira hamsin. Mu ce "Allah shi kawo sauƙi," ta ce "amin," mu koma ɗaka zuciya fari ƙal, mun yi aikin lada. Goyon kuwa ba wanda ya ce ta kwance a gani.

Da an kwance, da an ga damtse bai wuce kaurin yatsu biyu ba, gashi ya yi ja ya karkaɗe, wani ma ƙafafun sun kumbura. Nan ne muke fito da iliminmu. Gwaggo ta ce haƙori ne. Inna ta ce uwar ce ta yi kwanika, nonon ciki ya sha. Maƙwabciya ta rage murya ta ce a dai nemi rubutu, don wannan rama ba ta Allah da Annabi ba ce. Kowa da fatawarsa, amma kalmar tamowa sai likita, don a wurinmu faɗinta zagin maigida ne.

Ai da can mutanen nan ba haka suke ba. Gabashin Sakkwato ƙasar gero ce da wake da shanu. Yaron Gobir da hura da nono ya tashi, akuya a turke, zabi a bayan gida. Ɓarayin daji suka kore shanun, suka sa wa manomi haraji kafin ya shiga gonarsa, suka mayar da cin kasuwa kasada. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba. Wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi tun 2019, wasu suka tsaya Gandi, wasu suka gangaro birni, Ramin Kura da kangayen da masu su ba su gama ginawa ba. Ta yamma kuma Lakurawa suka addabi Tangaza da Gudu. Ga cire tallafin mai a 2023, ga rufe iyakar Illela da Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar, duk a shekara guda. Babba ya iya ɗaure ciki ya kwana. Ɗan wata goma da aka raba da nonon saniya aka bar shi da farin koko, jikinsa yake ci.

To, mu da ba wanda ya kore mu fa? A nan raha take. Dubi yadda muke raba tukunya. Tsoka ta maigida ce, ƙashi mai ɓargo na baƙonsa, yaro a tsoma masa tuwo a romo a ce ya ci nama. Kaza ta yi ƙwai, a tara a kai wa mai shayi, don wai yaron da ya saba da ƙwai sata zai koya. Mai shayin ya soya wa uban yaron guda uku da daddare a bakin titi, ya haɗa da madara har cokali ya tsaya. Shi ba ya tsoron koyon satar.

Jariri kuma tun ran farko muke fara masa wayo. Dakashi, nonon farkon nan mai kauri, wasunmu har gobe matse shi suke a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko. Ma'aikatan lafiya su ce nono zalla wata shida, ko ruwa kar a ba shi. Kaka ta riƙe haɓa: "Cikin zafin ga na Sakkwato? Ku kashe mani jika da ƙishi?" Da uwar ta juya baya, an ɗura masa ruwan randa. Gudawa ta biyo, a ce haƙori.

Sai batun madarar tamowa, wadda kowa ya san ɗanɗanonta amma ba wanda ya taɓa sha. Ƙullin gyaɗa ne da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ya yi suna a maƙwabtanmu Maraɗi lokacin yunwar 2005. Leda guda giram 92 ce, kuma lissafe ake ba da ita gwargwadon nauyin yaro, bayan an zagaya masa tef a damtse an ga ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Magani ne. Amma in ta shigo gida sai yayye su lasa, Baba ya ce bari ya ji ko ba ta lalace ba, wata ledar kuma ta ɓulla a tiren talla. Uwar da ta sayar da leda biyu don ta auno garin da 'ya'ya biyar za su kwana da shi, ni dai ba ni da bakin zaginta. Mai albashin da ya saya ya shafa a burodi, shi ne abin a tambaya.

Wanda ke ganin wasa ne ya leƙa sashen tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa a Asibitin Ƙwararru, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa. Ko ya je Asibitin Noma, wanda aka buɗe a garin nan tun 1999 don cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar yara. Rashin abinci mai gina jiki da ƙyanda ne ke share mata hanya, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Daga jihohi da dama ake kawo yara wurinmu neman magani, mu kuwa muna wuce ƙofar a kan babur.

Abin da ake nema ba daga Turai zai zo ba. Gero ko dawa, waken suya, gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa tare, shi ne garin da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Zogale na nan a bayan gida muna ta yin kwaɗonsa don manya. Ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, cokalin manja a kunu, duk suna Tsohuwar Kasuwa. Na san mudu ya yi tsada, amma goro da katin waya ma ba su sauko ba, kuma ba mu fasa ba.

Don haka Hajiya, gobe in baiwar Allah ta yi sallama da goyo, a zuba ƙullin gyaɗa a kunun kafin a miƙa. A ce ta kwance yaron a gani. In ƙafa ta kumbura ko ya daina karɓar abinci, a biya mata kuɗin Keke Napep zuwa asibiti ran nan, kar a jira Juma'a. Kai kuma Alhaji, cikin ƙwai ukun nan na dare, a aiko da ɗaya gida.