Masu Tumbi, Masu Ƙwanji da Sauran Baƙinmu

Duk wanda ya buɗe gidan motsa jiki a Kano yana zaton da ƙarfe zai yi fama, to bai daɗe a sana'ar ba. Ƙarfe ba ya da rigima. Ka saya, ka goge, ka sa masa mai, ya zauna inda ka ajiye shi. Mutane su ne aikin. Kafin baƙo ya gama sallama mun san irinsa, mun kuma san ko za mu sake ganinsa a watan gobe.

Ta fuskar ciniki babu kamar Mai Niyya. Bayan ƙaramar Sallah yake bayyana, da kaftanin bara ya fara kama shi a ciki. Sabon takalmi, sabuwar gorar ruwa, agogo mai ƙirga taku. Kuɗin wata uku yake biya a dunƙule, ba ya ko neman ragi. Ranar farko sai ya taɓa kowane inji, duk da roƙon da muke yi masa ya bi a hankali. Kwana biyu bayan nan hawa matakala ya gagare shi. Mun riga mun faɗa masa cewa tsamin jikin sabon shiga yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, kuma maganinsa shi ne a dawo a motsa kaɗan. Shi kuwa ya yanke hukuncin cewa abin bai karɓe shi ba. Daga nan sai a wurin ɗaurin aure muke haɗuwa, tun daga nesa ya ɗaga hannu: "Koci, Litinin in sha Allahu!" Da kuɗinsa muke sayen man janareta, don haka addu'ar alheri kawai muke yi masa.

Alhaji Mai Tumbi kuwa direba ne ke riƙo masa jaka. Yana shigowa zai shafa cikinsa da hannu biyu ya ce, "Yaro, wannan kaɗai nake so ka sauke min. Sauran jikin ka bar min abina." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, ai jiki ba ya karɓar irin wannan odar." Kitse ba ya narkewa daga wurin da aka nuna masa da yatsa. Ko mutum ya kwanta ya tashi sau ɗari biyar, naman da ke ƙarƙashin teɓar zai yi ƙarfi, teɓar kuma tana nan sai jiki gaba ɗaya ya fara ragewa. Lissafin ma ba daɗin ji. Kilo ɗaya na kitse ya kai kusan kalori 7,700. Rabin awa a kan injin gudu, in an yi da gaske, abin da zai ƙone bai wuce 300 da ɗoriya ba. Gorar lemon zaƙi guda ta rabin lita tana mayar da kusan 200. Alhaji zai gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, ya hau keken motsa jiki da waya a kunne. Ƙafa tana juyawa a hankali, baki yana gudu, ana cinikin kwantenar atamfa da wani a Kantin Kwari. In ciniki ya yi zafi sai ƙafar ta tsaya cak, hannu ya karɓi aikin. In ciniki ya faɗa, sai ya sauko ya ce yau kam ya jigata.

Wani lokaci yakan zo da leda naɗe a ciki ƙarƙashin riga, wai wani abokinsa ya ce tana narkar da kitse. Gumi take fitarwa, gumi kuma ruwa ne, kofi biyu ya mayar da shi. Amma abin kallo shi ne hawansa sikeli. Zai cire hula, ya cire agogo, ya zare zobe, ya miƙa wa direba carbi, ya fitar da numfashi, sannan ya hau da ƙafa ɗaya tukuna. In allura ta nuna abin da ta nuna jiya, sikelin ne ya lalace. Ta taga muke hango direba ya tsallaka titi wurin mai balangu.

Ɓangaren mata ba na shiga, koci mace ce ke riƙe da shi, amma labari yana iso ni. Can amare ne ke ba da aiki. Wata saura mako biyu biki, tana so a rage mata kilo goma saboda telan ya riga ya yanka leshi. In aka ce mata abin da jiki ke iya saukewa lafiya bai wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ba, sai ta tambaya ko babu wani shayi. Ƙawarta kuma ƙiba take nema, har ta fara shan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Wannan ba abin dariya ba ne. Galibi akwai dexamethasone a irin waɗannan haɗe-haɗen, wanda ke kumbura fuska, ya ta da sukarin jini, ya raunana ƙashi in an daɗe ana sha.

Sai Ɗan Ƙwanji. A lungu ya yi karatunsa, da siminti da aka zuba a gwangwani biyu aka soka bututu a tsakiya, wani lokaci da tsohon fulawil ɗin mota. Ina girmama wannan makaranta, don ba ta yaye rago. Matsalarta ƙirji da dantse kaɗai take koyarwa. Ka gan shi daga sama ƙato, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar an ɗora buhun gero a kan karan dawa biyu. Duk ranar da aka ware wa ƙafa, ranar yake da ta'aziyya a Wudil. Ba ya ɗaga ƙarfe sai da ihu, ba ya ajiye shi sai da jifa, kuma madubin bango nasa ne shi kaɗai. In sauro ya cije shi a tsakiyar baya sai ya nemi bango ko ɗan'uwa, don hannun ba ya kaiwa. Nakan ce ya je ya kalli 'yan kokawa da 'yan dambe, ya ga daga ina ƙarfin yake tasowa, daga ƙafa da ƙugu ne. Ba ya ji. Wasu daga cikin 'yan ƙwanjin har allurar kumbura jiki suke yi a ɓoye. Ka yi musu zancen hanta da zuciya, su yi murmushi. Ka ce tana ƙanƙantar da maraina, tana rage haihuwa, tana iya fito wa namiji da nono, nan take za ka ga an ajiye ƙarfe an matso kusa.

Ɗan Hoto ba ya cutar kowa. Zai jingina waya a jikin gorar ruwa, ya yayyafa wa goshi ruwa, ya ɗauki ƙarfen da wani ya gama da shi, ya ɗaga sau uku. Sauran awar ta tafi wajen zaɓen waƙar da zai ɗora a TikTok. Malam Na-Sani ne mai gajiyarwa. A YouTube ya yi digiri. Ya san Arnold Schwarzenegger ya ci gasar Mr. Olympia sau bakwai, ya san abin da Cristiano Ronaldo ba ya sha, yana bin mutane yana gyara musu tsayuwa, har ni mai wurin. Tawul ɗinsa bai taɓa jiƙewa ba.

Duk waɗannan, da bambancinsu, abu ɗaya ya haɗa su: ba mai son ajin sassauta gaɓoɓi. Ka shimfiɗa tabarma ka ce a zo a juya ƙugu, a buɗe kafaɗa, a lanƙwasa idon sawu, sai a dube ka a ce, "Koci, kuɗi fa na biya." A ganinsu abin da babu nishi a ciki ba motsa jiki ba ne. Alhali guringuntsin da ke cikin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma motsi ne ke tura masa ruwan. Wanda ya wuni daga kujerar mota zuwa ta ofis zuwa ta falo, gaɓoɓinsa sai su saba da iyakar wannan zaman. Ina da jarrabawa guda da nake yi wa kowa: tsugunna har ƙasa, dunduniya kada ta ɗaga, ka tsaya haka rabin minti. Tsohuwar da ke tuƙa tuwo a gaban murhu tana yi ba tare da ta san jarrabawa ba ce. Ɗan Ƙwanji yakan tuntsura ta baya, ya tashi yana karkaɗe wando, ya ce takalmin ne.

Masu zuwa wannan aji da ƙafarsu iri biyu ne. Akwai maniyyata, da suka ji labarin cewa tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai kuma ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Su dai da an yi biza sai su zo a gurguje. Sai kuma Baba, wanda likita ya turo. Ba ya son madubi, ba ya tambayar sikeli. Cewa yake, "Ɗana, ni dai in koma sallah a ƙasa, in bar kujerar nan ta roba." Da jallabiya yake zuwa da silifas, sai an yi da gaske yake yarda ya sa wandon wasa. Ya dafa bango ya ɗaga dunduniya, ya zauna a benci ya tashi sau goma, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da ƙarfen taga yana salati. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororinta na 2020, ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, wanda ya kai shekara 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. A duk gidan nan Baba ne kaɗai ke cika wannan ƙa'ida, kuma bai taɓa jin labarinta ba. Ba kowace gwiwa ce ke dawowa ba, wadda ta ci sosai wurin likitan gashin ƙashi muke tura ta. Amma na ga dattawa da suka ajiye kujerar bayan 'yan watanni, sun zo suna sa mana albarkar da ta fi kuɗin rajista.

Kai mai karatu da ka haura arba'in, gwada tsugunnon nan yau a ɗakinka, ka rufe ƙofa tukuna saboda yara. In ka tuntsura, fara da minti goma kowace safiya. In kana da hawan jini, ciwon sukari ko kana jin nauyi a ƙirji, ka fara ganin likita kafin ka zo wurinmu.