Yadda Ake Rubuta Manhaja Tsakanin Kawo Wuta da Ɗauke Ta

Kowace shekara sai an fitar da jerin ƙananan manhajojin da aka ce za su ninka wa mai rubuta kod aikinsa, kuma da ganin jerin ka san marubucinsa bai taɓa jin yaran unguwa sun yi ihun "Nepa!" ba. Damuwarsa ita ce daƙiƙa biyun da yake ɓatawa wajen neman fayil. Kai kuwa da ke zaune a Ɗambatta, ko Makoɗa, ko wani ƙauye a bayan Bichi, damuwarka ita ce ko aikin da ka yi tun hantsi zai kai la'asar da ransa. Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar: 'yan rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, 'yan rukunin E awa 4. Ɗaga kai ka dubi ƙwan ɗakinka, zai gaya maka rukuninka. Saboda haka tambaya ɗaya ake yi wa kowace manhaja kafin a ba ta masauki: in wuta ta tafi, sabis ya bi bayanta, za ki ci gaba da aiki ko ke ma sai ki ce sai da safe?

Ka fara da tausaya wa kwamfutarka. Laftof na hannu da aka sayo a titin Beirut cikin Kano, mai ram giga 4 da batirin da ya ga jiya ya ga yau, jaki ne mai haƙuri: zai kai taki gona, amma in ka ɗora masa mangala uku durƙushewa zai yi. VS Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015, kyakkyawa ce, sai dai a kan injin Chromium aka gina ta, wato danginsu ɗaya da burauzar Chrome, kuma gidansu ba a san su da ƙaramin ciki ba. In ka buɗe ta, ka buɗe Chrome da shafi ashirin, kada ka yi mamaki in fankar laftof ta fara kuka. Ga ƙananan gyare-gyare, Notepad++ ta Don Ho, wadda take nan tun 2003, ta wadatar, kuma tana adana abin da ka rubuta duk bayan daƙiƙa bakwai ba tare da an roƙe ta ba. Mai ƙarfin hali ya koyi Vim, wadda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991. In kwamfuta ta mutu ana tsaka da rubutu, Vim tana barin wani ɓoyayyen fayil da za ka farfaɗo da aikinka daga gare shi. An ce fita daga cikinta wuya, har tambayar yadda ake fita ta samu masu dubawa sama da miliyan a Stack Overflow a 2017. Wannan matsalar mutanen birni ce. A nan batir ne yake fitar da kai, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Sai Git, kuma a nan babu wasa sosai. Linus Torvalds ya ƙirƙire ta a 2005 da tsarin da kamar don mu aka yi shi: dukan tarihin aikinka yana zaune a cikin kwamfutarka, kana iya ajiye kowane mataki ba tare da ko ɗigon data ba, sai ranar kasuwa in ka shiga gari inda sabis yake da ƙarfi ka tura gaba ɗaya. Wanda ya ƙi koyonta shi ne za ka tarar da jakar aikinsa cike da "na ƙarshe", "na ƙarshen ƙarshe", da "na ƙarshe wallahi". Irin wannan bawan Allah ya sauke Everything, wadda ke zaƙulo kowane fayil a Windows kafin ka gama rubuta sunansa, don aƙalla ya ga yawan rantsuwar da ya yi.

Za a ce ai zamani ya wuce nan, yanzu Copilot da ChatGPT ke rubuta rabin kod, wa zai tsaya karanta littafin jagora? Gaskiya suna da amfani, amma suna zaune ne a wasu manyan kwamfutoci a ƙetare, kuma duk tambayar da ka yi musu sai ta bi ta turken sabis ta ci daga datarka, wadda ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Zeal kuwa sau ɗaya za ka sauke mata jagororin Python da JavaScript da PHP, daga nan ko a ƙarƙashin darbejiya kake za ta amsa maka. Ka kuma shiga saitin Windows ka shaida mata cewa intanet ɗinka na awo ne, in ba haka ba cikin dare za ta shanye datar wata guda da sunan sabuntawa, ko sannu ba za ta ce maka ba. Wani zai ce a sa sola a huta. Madalla, a sa in da hali, musamman tun da cire tallafin mai a Mayun 2023 ya mayar da janareta kayan ado. Amma sola caji take bayarwa, ba ta ba da sabis, ba ta ƙara ram.

Saura abu ɗaya da jerin Turawa ba ya kawowa. In manhajar da kake ginawa ta manoman gero da gyaɗa ce, ka sa Keyman ta SIL domin ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, kada manomi ya nemi farashin ƙasa manhajarka ta kai shi wajen kasa. Daga nan ka daina sauke-sauke, malam. Awa huɗun nan ba ta isa a yi gwajin manhaja ta goma sha ɗaya ba, ka buɗe fayil ka fara aiki.