Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Saba Na Ɗakin Karatu

Ranka ya daɗe, Malam Saba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin esi? Da na ce ya gajiya, to amma ban san gajiyar me zan gaishe ka da ita ba.

Ni ɗalibi ne daga Lafani ta ƙasar Illela. Mu mutanen bakin iyaka mun san rufewa. An rufe boda a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Illela a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Amma ko gwamnati, in za ta rufe, tana sanarwa a rediyo. Kai kuwa sai mutum ya biya kuɗin mota ya zo birni, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin intanet, sannan a ce masa, "Ai saba ta sauka." Ina kake sauka ne haka kullum, ranka ya daɗe, ba ka taɓa sanar da masauki ba?

Na leƙa fadarka. Kwamfutoci jere reras, kowacce an lulluɓe ta da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai har wani ya rubuta sunansa da yatsa. Baturan inbata sun kumbura a lungu. Kalmar sirrin shiga rumbunan mujallu irin su HINARI da AGORA kuma tana kan mutum ɗaya tak. In ya tafi ɗaurin aure, ilimin likitanci da na noma na duniya sun bi shi, sai ya dawo.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne lafiyar da kake samu in tawagar NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai. Ranar janareta na ruri, fitilunka na ƙyaftawa, ledoji sun ɓace. Baƙi na juya baya, ciwo ya tashi.

Na san gadon gida ne. A shekarun 1990 aka raba wa jami'o'in tarayya kakanka TINLIB da kuɗin Bankin Duniya, aka yi murna, daga baya ya kwanta dama. Yanzu ga manhajar Koha, 'yar New Zealand, kyauta ake ɗaukar ta, amma ko ita tana son mai kula da ita, da wuta, da wanda zai riƙa adana kwafin bayanai kada a wayi gari aikin shekaru ya salwanta. TETFund na ba da kuɗin kayan ɗakin karatu, ana yanka kirtani ana ɗaukar hoto. Man janareta da sabunta rajista da horar da ma'aikata ne ba su da hoto, shi ya sa ba mai tunawa da su.

Saboda haka ba duka laifinka ba ne. Ka isar mini da saƙo ga masu gidanka: a koya wa mutum uku abin da mutum ɗaya ya sani, a sa maka sola, a ware kuɗin gyara tun ranar saye. Kafin nan, don Allah a bar mana tsohuwar durowar katin neman littattafai ta katako, kada a fitar da ita.

Naka mai jiran sabis,
Wani ɗalibi daga Lafani