Wasiƙa Daga Nashville Zuwa Ga Bawana a Birniwa

Nashville, Jihar Tennessee, Amurka

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Yaya ɗinki, yaya kasuwa? An ce mini riɗi ya yi kyau bana, kankana ma ta yi albarka. Alhamdu lillahi. Na san rabin kankanar a cikinka ta ƙare tun kafin masu saye su iso da motoci, don haka ba zan tambaye ka ciniki ba.

Labari ya iso ni cewa kana zama a inuwar tashar jirgi kana gaya wa mutane wai na zama maroƙi a Amurka, ina bin gidajen biki da molo. Kai, ɗan Gwaggo! Wato da ka ga ubangidanka ya yi nisa, sai ka ɗauki rawaninsa ka naɗa. To, buɗe kunnuwan nan naka ka ji aikin da nake yi, don gobe in za ka ba da labari ka ba da shi daidai.

Gyara nake yi, irin wanda ka san ni da shi tun ina kwance maka kan keke a rumfarka. Abin da ake gyarawa ne kawai ya sauya. Wani kayan kiɗa ne da suke kira pedal steel, mu ce jita mai feda. Ba a rataya ta a kafaɗa. A kan ƙafafu huɗu take tsaye, makaɗi ya zauna a kujera ya cusa gwiwoyinsa a ƙarƙashinta. Babbar tana da wuya biyu, kowanne da tsirkiya 10, ga feda 8 jere a ƙasa, ga libobi suna reto a gefen gwiwa. Hannun hagu yana riƙe da wani gajeren mulmulallen ƙarfe yana zamewa da shi a kan tsirkiyoyi, hannun dama yana kaɗawa da farcen ƙarfe, ƙafar hagu tana taka feda, ta dama tana ƙara sauti ko ta rage, gwiwa kuma tana tura liba. Duka a lokaci ɗaya. Kai da in kana taka keke aka ja ka da hira sai ka ɗinke aljihu da hannun riga, ko kusa da ita kada ka je.

In ka kifa ta ka duba cikinta, keken ɗinki za ka gani wanda aka koya wa waƙa. Ka taka feda, ta ja doguwar sandar ƙarfe; sandar ta juya wani ƙarfe da ya ratsa cikin; shi kuma ya ja wata siririyar sanda, ita kuma ta ja ɗan yatsan ƙarfen da tsirkiya take kwance a kansa. Tsirkiya ta ƙara ɗamewa, murya ta hau. Ka ɗaga ƙafa, ta koma. A wuyan da ke gaba, yawanci feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10, ta biyu kuma tana ɗaga ta 3 da ta 6. Abin da ake nema shi ne kowace tsirkiya ta je daidai inda aka aike ta, ta kuma dawo daidai inda ta taso, ba ƙari ba ragi. Tsohuwar jita a nan take gazawa, kuma a nan muke cin abinci.

Da yake kai sai an ba ka asalin abu kake yarda, ga shi. Wani yaro a tsibiran Hawaii, Joseph Kekuku, shi ake danganta wa fara kwantar da jita a cinya ana goga mata ƙarfe, wajen 1889. Feda ta zo daga baya. A 1948 Paul Bigsby ya ƙera wa Speedy West mai feda a California. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne 1953, da Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya na cikin kuka, a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly. Makaɗa suka ji murya tana lanƙwasa ba a motsa hannu ba, kowa ya bazama neman mai sa masa feda, wasu har da ciro fedar totur ta tsohuwar mota. A 1957 Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa kamfanin Sho-Bud a wajen garin nan, suka yanko sunan daga sunayensu. Ginin da shagonsu ya zauna a titin Broadway yana nan, yanzu gidan kiɗa ne. A 1963 Emmons ya haɗa kai da Ron Lashley suka buɗe kamfanin Emmons a North Carolina. Yawancin tsofaffin da ake kawo mana na waɗannan gidaje biyu ne, sai jefi-jefi Fender, wadda ita da waya take ja a madadin sanda.

In an kawo, ba a taɓa sifana sai an ɗauki hoto an rubuta abin da kowace feda da kowace liba take yi, domin kowane makaɗi da nasa tsarin. Tun zamanin Emmons da abokinsa Jimmy Day aka rabu: ɗaya ya jera fedodinsa ta nan, ɗaya ya jera su a juye, har yau kuma kowanne da mabiyansa. In ka mayar wa tsoho da fedarsa a juye, ka raba ƙafarsa da abin da ta saba shekara arba'in. Bayan rubutu sai a kwance komai, noti-noti, kowane rukuni a gwangwaninsa. Man da aka ɗiga shekaru hamsin da suka wuce ya haɗu da ƙura da hayaƙin taba ya zama danƙo, sai an jiƙa an wanke an goge. Yatsun ƙarfen nan, tsirkiya ta ci su ta yi musu kwari, shi ke sa murya ta riƙa zuza. Sai a bi su da samfefa mai laushi, a hankali, kada a ɓata gantsarwarsu. Wasu Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 an sa musu wani ƙarfen zubi mai arha da yake karyewa in gwiwa ta matsa, shi sai dai a gurza sabo da alminiyon. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti in ya mutu, riwayin ake yi masa da wayar tagulla siririya ƙwarai, naɗi dubbai.

Wadda ta fi cin rai, kuma wadda na fi so, ita ce tsohuwar Emmons. Ita in za ta ɗaga murya ja take yi, in za ta sauke turawa take yi, kuma dole a bar wa sandunan ɗan sako-sako, in ba haka ba ja da turi su yi karo. Ka gyara wannan, wancan ya motsa. Amma in ta zauna, ta zauna ke nan, ga murya mai kauri da har yau makaɗa suke bin ta da kuɗi. Ita ba ta son mai gaggawa, shi ya sa na san ku ba za ku shirya ba, kai da kake karɓar ɗinkin Sallah na mutum talatin a daren jajibiri.

Akwai abin da nake tsayawa a kansa, ko da mai kaya zai ɓata rai. Wasu suna so a kankare fentin a fesa sabo, ta fito fes. Ni ina ganin duk abin da ya hana ta aiki a sauya shi, amma inda hannun mutum ya cinye katako a bar shi. Wata mata ta kawo ta mahaifinta, tun rasuwarsa tana cikin akwati a ƙarƙashin gado. A gefe akwai ƙunar taba, a gaba kuma fentin ya koɗe inda yake ɗora hannu. Muka gyara cikin tsaf, muka bar waɗannan. Da maigidan shagonmu ya zauna ya gwada ta, matar ta kasa tsayuwa, ta nemi kujera. Ta ce muryar gidansu ke nan tun tana yarinya. Wallahi, ɗan Gwaggo, ranar na ƙara son sana'ar nan.

Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Kaset ɗin King Sunny Ade da kake rawa da shi a ɓoye in Gwaggo ta fita unguwa, wannan muryar mai zamewa da ke ciki ita ce. Demola Adepoju ne yake kaɗa ta. Faifansu na Juju Music ya fito a 1982 ya zaga duniya, kuma Demola ne Paul Simon ya ɗauka ya kaɗa masa a waƙar Graceland ta 1986. Tsofaffin makaɗan nan da yawa in suka ji na ce Nijeriya, sunan Demola suke fara ambata, kuma da girmamawa.

Ganin yadda suke riƙon kayan tsofaffinsu ya sa gurmin Haruna Uji yake yawan faɗo mini. Ga aikenka: in ka shiga Haɗejiya, kafin ka zarce kasuwar kifi ka manta da abin da ya kai ka, ka nemo mini tsofaffin masu haɗa gurmi da goge da kukuma. Ka ɗauki hoton hannunsu suna aiki, ka tambaye su irin ƙwaryar da suke zaɓa, da fatar, da yadda suke ɗaure tsirkiya, ka naɗo mini maganarsu a waya. In ka samu tsohon gurmi da aka jingine, kada ka bari a yar, ka saya ka ajiye a ɗakin Inna, zan turo kuɗin. Kada ka ce za ka gyara shi da kanka. Na ga abin da ka yi wa rediyon Kawunka.

Kan kekenka kuma ka daina zuba masa man gyaɗa, shi ke sa shi danƙo. Kuɗin shara na bana, kada ka ce teku ta raba mu. Lissafi yana nan a rubuce.

Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida Inna da Baba, da amarya da yara, da duk mutanen rumfa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Ubangidanka