Babban hafsan ruwa na Kilomita Biyar

Ƙasarmu ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, amma ni ina da rundunar jiragen yaƙi. Tana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin kanta, a shagona na yadi da ke kasuwar Kilomita Biyar, nan Bangi. Babbansu Bismarck ne, wanda Jamus ta ƙera da tsawon mita 251. Nawa an rage shi sau 2,400, ya dawo santimita goma da 'yan kai. Mai rundunar kuwa, in ya shiga kwalekwalen da ke tsallaka Ubangi zuwa Zongo, hannu biyu yake riƙe katako yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Asalin abin wasa ne. A shimfiɗa shuɗin ƙyalle a tebur ya zama teku, a jera jirage, a auna tazara da tef, a jefa ɗan ludo ya faɗi ko harsashi ya samu. Wani Bature ɗan Ingila, Fred Jane, ya buga dokokin irin wannan wasa tun 1898. Ƙyalle bai zame mini matsala ba, shadda shuɗiya na yanka daga bandir ɗin da ya kamata in sayar.

Inda na lalace shi ne wajen fenti. Kafin in faɗa wannan hali, na ɗauka ruwan toka launi ɗaya ne. Yanzu ina iya ɓata daren Juma'a ina gauraya fari da baƙi a murfin kwalba, don na jiragen Jamus a yaƙin Jutland na 1916 ya fi na Ingila haske, kuma Jamusawan sun shafa wa bututun hayaƙinsu na baya jan fenti don su gane junansu. Wannan bututun a wurina bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da tsinken sakace nake ɗiga masa jan, ina riƙe numfashi. Daga nan in tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, in bar shi ya gangara cikin lungunan bindigogi, in ya bushe in share buroshi a tsumma har ya kusa ƙafewa, in goga a hankali, gefuna su fito. In wuta ta ɗauke, fitilar waya a baki. In rani ne, jar ƙurar garin nan ta sauka kan ɗanyen fenti, a sake daga farko. Akwai matar da ta tsaya tana taya atamfa ina ce mata “to, to”, ban san na sallama mata a kan kuɗin da na saro ba sai da ta fita.

Kawu ya kama ni wata rana bayan la'asar.

“Kai yanzu da furfura a gemunka, wasan yara?”

Na ce, “Kawu, ai tarihi ne. Ta garin nan Bafaranshe Marchand ya wuce a 1897, ya sa aka kwance jirginsa Faidherbe gunduwa-gunduwa, aka ɗauke shi ta tudu, ya isa Fashoda a 1898.”

Ya ce, “Waɗancan tilas aka yi musu suka ɗauka. Kai wa ya tilasta ka?” Ya ɗaga ɗan ludon ya juya shi, sai da na rantse ba a sa kuɗi kafin ya ajiye.

Duk wannan da sauƙi. Abin kunyar shi ne ba na iya wasan. Wani malamin makaranta, wanda shi ya koya mini, ya zo muka jera Hood na Ingila da Bismarck kamar yadda suka haɗu ranar 24 ga Mayu 1941, ranar da Hood ya tarwatse, mutum 3 kaɗai suka tsira cikin fiye da 1,400. Ya jefa ɗan ludo, tarihi ya maimaita kansa a kan shaddata. Ya miƙo hannu zai ɗauke jirgin, hannun da ya gama cin tsire da shi. Ban san lokacin da na cafke masa wuyan hannu ba. Na ce tebur ya karkace, na ce tef ɗin ya miƙe, na ce a sake jefawa. Mutumin kirki ne, ya sake. Aka sake nutsar da ni.

Tun daga nan duk wanda ya ce a buga, sai in ce fenti bai bushe ba. Wasu na yi mini uzuri, wai unguwar nan ta ga yaƙin gaske a 2013 da 2014, shi ya sa ba na son ganin ko na wasa. Ina gyaɗa kai, don uzurin ya fi ni mutunci. Gaskiyar ita ce rowa: ba na son kowa ya taɓa mini kaya.

Akwai wani ƙunshi da ke hanya daga Duwala, jiragen Japan ne na yaƙin Tsushima na 1905. Na ce wa Hajiya maɓallan riga ne. Ta ce, “To Maigida, Allah ya kawo masu sayen maɓallan.”