Lambun Hunturu a Coal Camp

Mu dai a Coal Camp ta Inugu, da ruwa ya ɗauke a watan Nuwamba, hazo ya fara lulluɓe tsaunukan Udi, sai hirar ƙofar masallaci ta koma ta iri. "Alhaji, motarku yaushe za ta juyo daga Kano? A taho mana da irin salak da na yakuwa." Direbobin da ke kawo kayan gwari su ne masu ɗauko mana shi, ƙulli-ƙulli a leda.

Unguwar nan tun asali ba don noma aka yanka ta ba. Mazaunin ma'aikatan kwal ce, tun da aka fara haƙarsa a 1915, layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916. Yau kuwa shagunan kayan gyaran mota ne ko'ina, gidajen haya a cunkushe. To ina fili? Ai mu ba ma jiran fili. Buhun siminti, fasasshen bokiti, tsohuwar taya daga wajen makanikai, duk komin shuka ne a wurinmu. A jera su a gindin katanga inda rana ke faɗawa da safe, shi ke nan an yi lambu.

Ƙasar Inugu ja ce, mai tsami. Shi ya sa za ka ga Baba yana cakuɗa ta da toka da ruɓaɓɓen kashin awaki, yana ja wa yara kunne: "Kada wanda ya zuba min ɗanyen kashin kaji, ƙone saiwa yake yi." Kuma gaskiyarsa. Alayyaho, in an kula da shi, kafin wata guda an fara tsinka. Tumatir ma ya fi son wannan lokaci. Da damina laima ke sa masa ciwon ganye, amma sanyin dare da busasshiyar iskar hunturu su ne abin da yake samu a Kadawa da Kura, inda iyayenmu suka ƙware a noman rani.

Babban aikin shi ne ruwa. Kowa ya san Inugu da rani: rijiyoyi su ƙafe, a koma sayen na tanka daga 9th Mile, kowace jarka da kuɗinta. Don haka a gidajenmu ba a zubar da ruwa haka kawai. Ana alwala a kan roba, a tara. Ruwan wankin shinkafa da na ganye, duk na lambu ne. Na sabulu kaɗai ake hanawa. Sai ka ji Hajiya daga ɗaki: "Ke 'yar nan, ruwan nan na tumatirina ne, kar ki kai shi kwata!" Ban-ruwa kuwa da sassafe ne ko bayan la'asar, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don kada iska ta shanye damshin.

Wanda ya ga farkon 2021 ba zai raina buhu biyar na ganye ba. Lokacin da dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kawo kaya Kudu, tumatir da albasa suka yi tsada a kasuwar Ogbete. Masu ɗan lambu ba su rasa na miya ba, har suka miƙa wa na kusa.

Miƙawar nan ita ce daɗin abin. Matar mai gidan hayarmu, 'yar Ibo, ta leƙo: "Maman yara, wannan ganye mai tsami fa?" A tsinko mata yakuwa, a koya mata miyar taushe. Ita kuma ta kawo irin ugu, ta nuna yadda ake kafa masa sanda ya hau. Yanzu da wuya ka shiga gidan Bahaushe a nan ba ka ci miyar ugu ba, zogalenmu kuma ya shiga tukwanen Ibo.

Saboda haka, maƙwabci, bana kada hunturu ya wuce ka hannu rabbana. Nemo buhu ko da uku ne, ka zo bayan sallar la'asar. Iri yana nan, toka tana nan, yara ma za su taya ka ɗauka.